Mitar Bango, Mitar Kan Falwaya ko Zaman Ƙiyasi: Wanne Ya Fi wa Mazaunin Zariya?

Duk mai biyan kuɗin wuta a Zariya yana cikin ɗaya daga hali huɗu. Ko dai ba shi da mita sam, ƙarshen wata a miƙo masa takardar ƙiyasi. Ko yana da tsohuwar mitar nan ta zamanin NEPA mai faifai da ke juyawa a bayan gilashi. Ko yana da mitar kati manne a bangon zaure, irin ta iya kuɗinka iya shagalinka, wadda ake loda wa lambobi 20. Ko kuma an kawo masa sabuwar da ake ɗaurawa can saman falwaya, a bar masa ɗan akwati mai madannai a ɗaki. Wannan ta ƙarshen, musamman in tana da sim a ciki tana aika rahoto ofis da kanta, ita ce ake ta cece-kuce a kanta. Wasu na cewa tana fitar da tururin da ke jawo kansa da ciwon kai. Kamfani na cewa ita ce maganin ɓarayin wuta. Wasu kuma na cewa a'a, kamfanin ne ma ya samu sabuwar hanyar satar talaka.

Ra'ayina a taƙaice: maganar lafiya ba ta kai ta hana kowa karɓar mita ba. Abin da ya kamata ya yanke maka shawara shi ne su wa kuke raba wuta da su, akwai bashi a kan gidan ko babu, da kuma irin kayan da kake jonawa. Amma tunda tsoron nan ya shiga zukatan mutane, bari a warware shi da kyau kafin a je ga lissafi.

Yadda mitar ke magana, da abin da take fitarwa

Ba kowace mitar kati ce ke aika saƙo ba. Yawancin waɗanda ke bangon gidajenmu kurame ne: ka danna lambobi, ta ƙara maka yunit, ta riƙa ragewa, shi ke nan. Ba su da abin watsa komai, don haka maganar tururi ba ta ma taso a kansu ba. Waɗanda ke magana, hanya uku suke bi. Wata ta cikin wayar wutar kanta take tura saƙo zuwa ɗan akwatin da ke ɗakinka. Wata da igiyar rediyo mai gajeren zango. Wata kuma da sim, kamar dai wayar salula, zuwa kwamfutar kamfani.

To, mu ɗauki mai sim ɗin, tunda ita ce ta fi ƙarfin watsawa. Abin da ke cikinta irin wanda ke cikin wayarka ne, ƙarfinsa bai wuce wat 2 ba in ya kai maƙura. Bambancin shi ne waya a kunne kake kara ta, ka yi rabin awa kuna hira da ɗan'uwa, da dare kuma ka cusa ta ƙarƙashin matashi. Mita kuwa saƙo take jefawa na ɗan ƙiftawar ido ta yi shiru, in ka tara duk maganarta ta yini ba ta wuce 'yan daƙiƙu zuwa 'yan mintuna ba. Kuma igiyar rediyo tana raunana da sauri in aka yi nisa da ita. Ka ninka tazara sau 2, ƙarfin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin 4. Ka ninka sau 10, ya koma ɗaya cikin 100. Abin da ke saman falwaya a bakin titi, ga katanga ga bangon ɗaki a tsakaninku, ba a haɗa shi da abin da ke manne da kunci.

Akwai kuma cakuɗa abu biyu da ake yi. Tururin da ke iya lalata ƙwayoyin halittar jiki kai tsaye shi ne irin na hoton ƙashi, da na'urar gashin kansa irin ta asibitin koyarwa na Shika, da tukunyar nukiliyar bincike da ke cibiyar nazarin makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004. Mu Zazzagawa mun fi kowa sanin irin katangar kankare da takatsantsan da ake yi wa waɗannan. Igiyar rediyo wani jinsi ne daban. Ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayar halitta. Illarta da aka tabbatar ita ce ɗumama nama in ta yi yawa ƙwarai, kuma ƙa'idojin da aka gindaya wa na'urori an sa su ne nesa da inda ɗumin zai fara. Tun shekarun 1960 igiyoyin Rediyon Kaduna ke ratsa ɗakunan kakanninmu.

Masu tsoro suna da hujja guda da suke kafawa, kuma ba ƙirƙira ba ce. A 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa. Sai dai a san ma'anar rukunin. Shi ne inda ake ajiye abin da shaida a kansa ba ta da ƙarfi, ba a tabbatar ba, ba a kuma gama wanke shi ba. Ruwan ganyen alobera da ba a tace ba ma yana cikin rukunin. Taba sigari, wadda aka tabbatar, tana rukuni na 1. Kuma abin da ya sa aka yi wannan hukunci a 2011 shi ne wasu bincike a kan masu yawan kara waya a kunne, ba mita ba. A 2024 wani babban bita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yi, wanda ya tattara nazarce-nazarce 63, bai sami alaƙa tsakanin amfani da wayar salula da kansar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shafe shekara 10 ko fiye suna amfani da ita. In wayar da ke kunne ta fita, mitar da ke kan turke me ya rage mata?

Wannan rigima ba a nan aka fara ta ba, shigo da ita aka yi ta intanet. A jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi zafi wajen 2010, lokacin da ake maye gurbin miliyoyin mitoci. Mutane suka yi ta ƙorafin ciwon kai da rashin barci da ƙarar kunne. Majalisar masana kimiyya ta jihar ta duba a 2011, ta ce mitar da aka girka daidai tana fitar da ƙasa da abin da wayar salula da sauran kayan gida ke fitarwa. Duk da haka a 2012 hukumomi suka ba wanda ba ya so damar ƙin karɓa, amma ya biya dala 75 a farko da dala 10 kowane wata, kuɗin mutumin da zai riƙa zuwa karanta masa tsohuwar. Game da ciwon kan kuwa, an sha yin gwaji inda ake sa masu ƙorafin a ɗaki ba tare da sun san an kunna na'ura ko an kashe ba, aka ga ba sa iya bambancewa. Ba ana cewa ƙarya suke yi ba. Ciwon na gaske ne, amma ba a kama igiyar rediyo da laifinsa ba. Wanda kansa ke yawan ciwo a Zariya, gara ya je a auna masa hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da idanu kafin ya zargi akwatin da ke kan falwaya.

Haɗarin da aka taɓa tabbatarwa a kan sababbin mitoci na gobara ne. A 2014 gwamnatin lardin Saskacewan a Kanada ta ba da umarnin cire mitoci kusan 105,000 bayan wasu 'yan kaɗan sun kama wuta. Ruwa da ƙura da ke shiga cikin akwatin aka zarga. Wannan darasi ya fi shafar mu fiye da maganar kansa, mu da ke da ruwan Agusta da ƙurar hunturu, ga kuma masu girkawa cikin gaggawa da ba sa ɗaure noti yadda ya kamata. Waya in ba ta ɗauru tam a bakin mita ba, zafi take yi a hankali har robar ta narke.

In kuwa ana son lissafa abin da ke kashe mutane da gaske a harkar wuta a ƙasar nan, to an bar jaki ana dukan taiki. Hayaƙin janareta ne, wanda ake kunnawa a baranda ko a lungun ɗaki don gudun ɓarayi, iskar kabon monoksaid da ba ta da wari ba ta da launi ta kwantar da iyali guda cikin barci. Sai wayar sata da aka bi da ita ta cikin silin ba fis ba komai. Sai yaron da aka tura ya hau turke ya mayar da wutar da aka yanke.

Sata: wace mita ce ke hana ta, wace ce ke gayyato ta

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙididdigar hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta daɗe tana nuna cewa kusan rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita. Kaduna Electric, mai raba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, na cikin kamfanonin da suka fi fama da giɓi tsakanin wutar da suke karɓa da kuɗin da suke tarawa, har ta kai a Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110 da kasuwar wuta ke bin sa. Ba duk giɓin ba ne sata, akwai tsofaffin wayoyi da rashin biya da sakacin cikin gida. Amma sata na da kaso mai tsoka, kuma kowa a unguwa ya san gidan da ake yi.

Zaman ƙiyasi ba ya buƙatar sata, domin shi kansa ɓarna yake koyarwa. Tunda ko ka kashe ko ka bari kuɗi ɗaya ne, me zai sa ka kashe? Shi ya sa za ka ga ƙwan ƙofar gida na ci da rana tsaka, a dafa wake da risho na lantarki, da sanyin Disamba kowane ɗaki da hitarsa a bokiti. Mai ɗaki ɗaya da fanka ɗaya shi ke tallafa wa mai firiza uku. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka a kan abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita a layinsa ke sha. Dokar tana nan, kuma kana da haƙƙin ƙin biyan abin da ya haura iyakar, amma sai ka san iyakar, ka kuma iya jelen ofis. Ga watan da aka yi kwana da kwanaki ba wuta saboda taransifoma ta ƙone, takarda kuma ta zo kamar ba abin da ya faru.

Tsohuwar mai faifai ba sai an daɗe a kanta ba. Tana da ƙarko, amma sai an zo an karanta ta, kuma in mai karantawa bai zo ba ƙiyasi za a yi maka kana da mita. Ta tsufa, ba a kawo irinta yanzu.

Mitar bango ita ce ta fi sauƙin sha'ani ga mai gaskiya, ita ce kuma ta fi sauƙi ga ɓarawo, saboda tana cikin gidansa. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Ka kira mai gyaran wuta ya duba maka soket, yana gamawa sai ya sassauta murya.

"Alhaji, wannan yunit ɗin da kake saye ai ya yi yawa. In yi maka 'yar dabara?"

"Wace iri, Malam?"

"Fitilu da fanka mu bar su a kan mita, don su ga tana tafiya. Firiza da famfon burtsatse da hita mu ɗauko musu ta baya."

Dabarar ke nan: a fasa bango a bayan allon mitar, a dama wata waya da wadda ta shigo daga turke kafin ta isa mita, a naɗe da baƙin salatif, a shafe da siminti. Wanda ya taɓa ganin irin wannan mahaɗa bayan shekara guda ya san kamanninta. Salatif ɗin ya ƙandare ya zama kamar gawayi, jan ƙarfen ya yi kore-kore, bulon da ke kewaye ya yi baƙi, in ka kai hanci za ka ji ƙaurin roba. Kayan da suka fi jan wuta ne aka ɗora a kan mahaɗar da aka murɗa da hannu, ba abin da zai katse ta in ta yi zafi, kuma a bayan bangon galibi ɗakin yara ne ko na tsohuwa. Mutumin da ya ƙi mitar zamani don tsoron tururi, ya yarda da wannan, lissafinsa ya ban mamaki.

Mitar kan falwaya an ƙirƙiro ta ne don ta toshe wannan ƙofa. Ma'aunin da makatsin wutar suna sama cikin akwati mai hatimi, abin da ke ɗakinka madannai ne kawai da allo. Duk wayar da ta sauko gidanka an riga an auna ta. Mai son sata sai ya fito fili ya sa tsani, ya rataya ƙugiya a kan layi, kowa na gani. In mai aika rahoto ce, ana buɗe murfinta za ta katse wuta ta kuma sanar da ofis, ba kuma za ta dawo ba sai kamfani ya ba da lambobin warware ta. Babban amfaninta ma ba a gida ɗaya yake ba. In an sa mita a jikin taransifoma, aka kuma sa wa duk gidajen da ke ƙarƙashinta, kwamfuta za ta tara abin da gidaje suka sha ta gwada da abin da taransifoma ta bayar. Inda aka ga rami, nan za a tura ma'aikata. Da irin wannan tsari kamfanin Enel na Italiya ya maye gurbin mitoci kusan miliyan 30 daga 2001, kuma rage sata na cikin manyan dalilansa.

Sai dai kada a ɗauka an gama. A tsibirin Fuwato Riko, hukumar FBI ta Amurka ta yi rahoto a 2010 cewa ana biyan masu ilimin na'urar, cikinsu har da waɗanda ake zargin tsofaffin ma'aikata ne, suna sauya lissafin mitocin zamani da kwamfuta, wasu kuma da maganaɗisu, asarar da aka ƙiyasta za ta iya kai dala miliyan 400 a shekara. Mita tana iya kai ƙara, amma ba ta iya hawa tsani. In wanda aka tura ya duba shi ne zai karɓi na goro ya juya, rahoton ya tashi a banza. A nan ƙasar ma kowa ya san ba mai gyaran unguwa kaɗai ke yin wannan aiki ba.

Ga mai tunanin gwadawa, ga farashin. A umarnin da NERC ta sabunta a Janairun 2025, wanda aka kama ya taɓa mita ko ya zagaye ta zai biya naira 100,000 a karon farko in layi ɗaya ne, 150,000 in ya sake. Mai layi uku 200,000 ne, sannan 300,000. Wannan ban da kuɗin wutar da za a lissafa ya sha a ɓoye, ban da kuma hukuncin kotu, domin Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri. Masu cewa ai kayan gwamnati ne, su tuna tun 2013 aka fara miƙa rabon wuta ga 'yan kasuwa, kuma ko da na gwamnatin ne ban san malamin da ya halatta ba. Wanda ke biyan kuɗin satar a zahiri maƙwabci ne: shi ake ƙara wa ƙiyasi, shi wutarsa ke zuwa ba ƙarfi da magariba, shi za a bi gida-gida a karɓi karo-karonsa ranar da taransifoma ta yi bindiga saboda lodi.

"Ai mitar gudu take yi"

Wannan ƙorafin ya fi na lafiya cancantar a saurare shi, don sau da yawa akwai abin da ya faru da gaske. Mutum ya sa katin 5,000 ya ga yunit ɗin bai kai na da ba. Dalilan da suka fi yawa su ne: ana cire wani kaso na tsohon bashin gidan duk sanda ka saya, akwai harajin kashi 7.5 cikin 100. Ko kuma an ɗaga layinku zuwa wani rukuni. Tun 2020 aka raba layuka daga A zuwa E bisa awannin wuta: A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo wajen 209. A wannan farashin na 209, in an cire haraji, 5,000 yunit 22 da ɗan ɗoriya za ta ba ka. Fanka mai wat 70 in ta kwana awa 10 tana juyawa ta ci kusan kashi 7 cikin 10 na yunit. Hita mai wat 1,500 kuwa a awa ɗaya ta cinye yunit ɗaya da rabi. Gidan da ke ɗora ruwan wanka na mutum takwas kowace safiya da hunturu, ba mita ce ke gudu ba. Haka mai inbata: duk sanda aka kawo wuta batura na zuƙa, ko da ba a kunna komai ba.

Gwajin ba wuya. A mitar bango akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kuma an rubuta a fuskar mitar sau nawa take ƙiftawa kafin yunit ɗaya ya tafi. Kashe komai na gidan, ka zare duk abin da ke soket, ka tsaya ka kalle ta. In ta ci gaba da ƙiftawa, ko dai wata waya na yoyo a cikin bango, ko wani ya jona a layinka. A ta kan falwaya, ɗan akwatin ɗaki na nuna nauyin da ake ja a lokacin. In ka tabbatar gidan lafiya yake amma lissafi bai daidaita ba, ka rubuta ƙorafi ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfani ka riƙe kwafi, in ba a warware ba ka ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukuma. Hukumar NEMSA ce ke da alhakin gwada mitoci kafin a girka su, kuma ya kamata ka ga hatiminta a jikin taka.

Ta kan falwaya tana da nata ciwon kan da ba a faɗa maka ranar girkawa. Ɗan akwatin ɗaki wani lokaci yakan kasa gaisawa da uwar da ke sama, ka danna lambobi ya yi ta juyi ya ce bai samu ba. In yunit ya ƙare ƙaf wuta ta katse, irin mai bin waya sai da batura masu rai a cikinsa kafin ya iya aika lambobin, kuma sai akwai wuta a layin. Mai hankali ba ya bari ta kai sifili, kuma yana ajiye batura a aljihun tebur. Tana shan rana da ruwa da tsawa. Ba ka iya leƙa ta da idonka, sai abin da allo ya gaya maka. Mai sim kuma kamfani na iya yanke ka daga ofis ba tare da kowa ya zo ba, abin da zai yi wa mai gaskiya zafi in kuskure aka yi a lissafi. A gefe guda, lokacin sauyin lambobin mitocin kati na 24 ga Nuwamban 2024, da aka sa kowa ya danna wasu lambobi 20 har kashi biyu don mitarsa ta ci gaba da karɓar kati, an ga yadda kurman mitoci ke wahalar da tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Gaskiya ita ce sau da yawa ba kai ke zaɓen samfurin ba, abin da kamfani ke rabawa a layinku shi za a kawo. Abin da ke hannunka shi ne ka nema ko ka zauna, ka saya ko ka jira ta kyauta, ku raba ko ku haɗa. Tsarin saye da kuɗinka, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 2018, ya tanadi a mayar maka da kuɗin a hankali ta hanyar yunit, don haka ka adana rasit ka kuma bibiya. Na kyauta na gwamnatin tarayya da aka fara a 2020 yana zuwa ne kashi-kashi, ba ka da iko da ranar da zai iso layinku. A Satumban 2023 farashin hukuma na mai layi ɗaya ya kusa naira 82,000, daga 2024 kuma aka sake wa kasuwa farashin, ya haura. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu. Ta asusun da kamfani ya bayar a hukumance ake biya.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai haya a Samaru ko Kongo ko Palladan, wanda ke tafiya hutu ya bar ɗaki a kulle, shi ya fi kowa cin ribar mitar kati, kowace iri ce, muddin tasa ce shi kaɗai. Mita ɗaya ga ɗakuna 12 rigima ce: wani na da risho, wani cajin waya kawai yake yi, kati ya ƙare tsakar dare kowa ya ce ba shi ba ne. In mai gida ba zai nemo wa kowa tasa ba, a sa ƙananan mitocin raba lissafi a ƙofar kowane ɗaki. Kafin ka biya kuɗin haya kuma, ka tambayi lambar mitar ka bincika ko akwai bashi a kanta, don kada ka gaji na wanda ya tashi. Ga mai gidan haya kansa, ta kan falwaya ta fi masa kwanciyar hankali, domin in ɗan haya ya yi dabara a bango ya gudu, sunan da ke kan asusun za a nema.

Babban gida na gado a cikin birni, irin na Ƙofar Doka ko Babban Dodo, mai sassa biyar ko shida a kan waya ɗaya tun zamanin kaka, shi ne inda ake jin tsoron mita da dalili. Ƙiyasin da suke biya mai yiwuwa bai kai abin da suke sha ba, kuma wayoyin sun tsufa suna yoyo. Shawarata a nan ita ce a fara da gyaran waya, a raba layi sashe-sashe, a sauya ƙwayaye zuwa masu wat 10 maimakon 60, sannan kowane sashe ya nemi mitarsa. In aka ɗora mita ɗaya a kan gidan yadda yake, wata na farko za a yi baram-baram tsakanin 'yan'uwa.

Tela da mai aski da mai cajin waya a Tudun Wada ko Sabon Gari, mita riba ce gare su, don ana yawan yi wa shago ƙiyasi da ganin ido. Wanda ya sa sola yana amfani da wutar kamfani jefi-jefi, zama a ƙiyasi asara ce tsantsa. Mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara su ne lissafinsu zai canza sosai, dole farashin aikinsu ya ɗauki kuɗin yunit. Su tabbatar sun nemi mai layi uku daidai da nauyin injinansu, domin ƙaramar mita tana da iyakar abin da take ɗauka, in aka wuce ta katsewa za ta riƙa yi ana tsakiyar aiki.

Ranar da aka zo girkawa, ka tsaya a wurin. Ka gwada lambar da ke jikin mitar da wadda ke takardarka, musamman in akwati ɗaya ne a kan turke mai ɗauke da mitocin gidaje da yawa, don akan yi musaya ka riƙa loda wa maƙwabci. Ka ɗauki hoton hatimin da allon da wayarka. Ka sa a ja wayoyin a gabanka ka ga sun ɗauru. In ta bango ce, a sa ta inda feshin ruwa ba ya kaiwa kuma hannun yara ba ya isa, a kuma rufe tsohon asusun ƙiyasi a rubuce, a nuna maka adadin bashin da ya rage da kason da za a riƙa cirewa a kowane kati.